Gashin Mama Saroja

Kakata ta wajen uwa, Inna Dudu, makitsiya ce a Kazaure, kuma ba ta iya tatsuniya hannu sake ba. Sai da kan wata a tsakanin gwiwoyinta. Da an sauke tuwo bayan magariba za ta ce kada a kashe wutar murhu, ta tura masara cikin garwashi, ta jawo wadda kitsonta ya fi tsufa a cikinmu. Yawanci ni ce. Har yau ina iya jin ƙamshin man shanu da hayaƙi a zaninta, tsinke yana tsaga mini kai, muryarta tana saukowa ta sama.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ya matsa daga wuta."

Mu ce, "Ta iso mu ji."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta zabuwa. Wai a da zabuwa tukku gare ta, dogo, mai sheƙi, ko ɗawisu ya gan ta sai ya kauce hanya. Kullum da safe takan je bakin tafki ta leƙa ta ga kanta. Sai wata damina aka yi kwana uku ana ruwa. Kun san 'ya'yan zabo ba sa jure jiƙa. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, saura guda yana karkarwa a ƙarƙashin fiffikenta. Zabuwa ta ɗaga kai ta ce, "Ya Ubangiji, bar mini wannan. Ni kuma zan hau dutsen can da ƙafa, ba da fiffike ba, in bar tukkuna a samansa."

Ɗan ya rayu. Zabuwa ta hau dutse da ƙafa har faratanta suka cinye, ta tsige tukkun tas, ta sauko kai ƙwal. Tsuntsaye suka yi ta dariya. Ba ta ɓuya ba, ba ta nemi ganye ta rufe ba, ta ci gaba da kiwo da ɗanta a baya.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Inna, to me Allah zai yi da gashin zabuwa?"

Ta ƙwanƙwashe ni da tsinke. "Ba abin da zai yi da shi, sarkin tambaya. Ita ce in ba ta bayar ba, ba za ta ƙara jin daɗin barci ba. Riƙe kanki, kina karkata mini tsaga."

In ta gama kitso takan tattara gashin da ya zube, ta dunƙule, ta danƙa miki a tafin hannu. "Naki ne. Gashin mutum ba ya yawo." Haka na koya, haka nake yi har yanzu, a falona da ke hawa na huɗu a titin Grand Concourse, nan ƙasar Turawa, inda nake yi wa mata kitso. Boko ban yi nisa ba, fita ma ba ta dame ni ba. Duniya ce ke zuwa ta zauna mini a tabarma.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar kudancin Indiya, Mama Saroja, tana zaune da ɗanta da matarsa. Turancinta gurgu, nawa gurgu, amma mukan kai. Takan shigo da sandarta ta zauna tana kallon hannuna. Gashinta fari fat, in ta kwance shi har cinya.

Wata Laraba ta shigo da farin ƙyalle a ninke da sabon almakashi. Ta ce lokacin da aka haifi jikanta watanninsa ba su cika ba, aka sa shi a kwalba a asibiti, ta yi bakance. A ƙasarsu akwai wani wurin ibada a kan duwatsu, mutane suna hawa matakala ba takalmi, tun safe har rana ta karkata, in sun kai su aske kansu su bar gashin a can. Mai kuɗi da talaka, mace da namiji, kowa ya sauko kai ɗaya. Ta ce kakanninta duk sun hau. Wurin, in ji ta, mutum ba ya zuwa don ya ga gini. Zuwa yake ya ajiye abin da yake taƙama da shi.

Yaron ga shi yana gudu a baranda. Ita kuma likita ya hana ta shiga jirgi saboda zuciyarta. Ɗanta zai tafi ranar Juma'a, zai kai gashin a madadinta. Surukarta ta ɗauki almakashi ta kasa yankewa, ta ajiye. Shagon aski kuwa a ƙasa za su zubar, a share da tsintsiya.

"Ke na gani," ta ce, tana nuna tafin hannunta. "Ko sili ɗaya ba kya yarwa."

Na kalli almakashin. Ni Musulma ce, abin da take bauta wa ba shi nake bauta wa ba. Ga kuma gashin mutum zai ƙetare teku ya shiga hannun waɗanda ban sani ba. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Ta ɗauki ƙyallenta, amma ta bar almakashin a kan kujera.

Da maigidana Malam Sani ya dawo daga tuƙin tasi, na zuba masa tuwo na faɗa masa.

Ya ce, "Ni direba ne, Hajara, ba malami ba. Yau ma wata na kai coci, har na riƙe mata jaka."

"Wasa kake. Wannan fa ibada ce."

"Ibadarta ko taki? Lokacin da kika kwanta ciwo, ba tsohuwar nan ba ce ta yi sati biyu tana kawo miki shinkafa mai yajin da ya kusa kashe ni?"

Na yi dariya, amma ba maganarsa ce ta sauko da ni ba. Ina wanke tukunya sai zabuwar nan ta faɗo mini. Shekara arba'in ina ɗaukarta labarin yadda aka yi kan zabuwa ya zama ƙwal. Ashe labarin wadda aka bar wa ɗa ne, godiya ta yi mata nauyi, tana neman inda za ta sauke.

Da hantsi na ƙwanƙwasa mata. Ta yi wanka ta zauna a ƙasa, kanta a tsakanin gwiwoyina. Na taje, na yi mata kitso guda ɗaya mai kauri, na ɗaure sama da ƙasa da farin zare. Tana addu'arta a hankali da yarensu, ni ma na yi bisimillata a zuci, na yanke. Sauran na aske da reza a kan ƙyallen, na tsince na wuyanta da na zanina, na ninke na danƙa mata.

Ta shafa kanta da hannu biyu. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta ce, "Sanyi," ta fashe da dariya, hawaye yana zuba.

Bayan kwana tara ɗanta ya kira ta a waya ta bidiyo daga can, ƙafafunsa a kumbure, shi ma kai ƙwal. Ta tsallako da sandarta ta miƙo mini wayar in gani, tana ta cewa, "Ya kai, ya kai."

Allah ya jiƙan Inna Dudu. Ba ta taɓa ganin Ba'indiye ba, amma ita ta koya mini yadda zan zauna da wannan. Addinina yana nan inda yake, na Mama Saroja ma haka. Sai dai da ta fita na rufe ƙofa, na tuna azumi uku da na yi bakance ranar da 'yata ta sauka lafiya. Jikar tawa har ta shiga makaranta, ni ina ta cewa sai sanyi ya zo, sai rana ta gajarta. Ranar Litinin na tashi na yi sahur.