Albasar Babanmu a Bakin Teku

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka wurin.

Ina da wajen shekara bakwai, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, wata safiya Inna ta kama hannuna muka gangara ƙarshen layin gidanmu a wani gari na Ingila, muka leƙa ta kan katangar dutse. Ranar da muka iso, teku cike take har tana dukan katangar. Yanzu kuwa babu ruwa. Ya ja baya can nesa, ya bar ƙasa mai laima shimfiɗe iyakar ganin ido, ba kunyar noma, ba shinge, ba kowa a kai sai fararen tsuntsaye. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kulu, ruwa ya janye. Mutanen ga ba su san fadama ba."

Ga yadda muka kai can. Babana manomin albasa ne a Aliero. Da ya rasu, gonar ta koma hannun masu ita, muka dawo Jega, Inna ta shiga raino gidan wani Baturen kanti mai sayen fata. Ɗan Baturen da matarsa, wanda muke kira Jatau, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Da ciwo ya kama uwar aka ce su koma gida, sai ta roƙi Inna ta bi su, Inna ta ce in dai da ɗiyarta. Muka hau jaki, muka shiga kwalekwale, muka shiga jirgin ƙasa ina ihu don murna, muka shiga jirgin ruwa wanda ya fi kasuwar Jega girma. Duk wannan tafiya, a ɗaure a gefen zanen Inna akwai ƙullin irin jar albasar Baba, baƙi kamar kwalli. Shi kaɗai ya bar mana. Irin albasa kuwa ba ya jira: in shekara ta zagayo ba a zuba shi ba, ya mutu.

Garin nan abin kallo ne, jikoki. Gidaje manne da juna, kowanne da hancinsa a sama yana fitar da hayaƙi. Aikina ɗauko kwal a bokiti da goge dakalin ƙofa har ya yi fari. Ana sayar da soyayyen kifi a naɗe cikin takarda. Akwai jakuna, amma ba sa ɗaukar dawa ko itace, yara kawai suke yawo da su a kan rairayi, an rataya musu ƙararrawa. Na ce wa Inna in na mutu a binne ni a garin da jaki ke hutawa, ta kai mini duka a ƙeya.

To, a safiyar nan Inna ba ta tambayi kowa ba, don Turancinta bai wuce na abinci da wanka ba. A wurinmu idan gulbi ya janye ya tafi ke nan sai baɗi, wanda ya riga ya kama wuri shi ke da shi. Muka koma gida da gudu muka ɗauko shebur ɗin kwal. Ta zaɓi gefen wani ɗan rafi da ke gangarowa daga gari, ta ɗanɗana ruwansa ta ji ba gishiri sosai, ta gyara ɗamara ta tayar da fangalin zuba iri. Ni ina tsince duwatsu, Jatau yana taka duk abin da muka gyara. Sai ta kwance ƙullin, ta raba irin biyu, ta mayar da rabi. Haka Baba ke yi, bai taɓa zuba iri duka a rana ɗaya ba. Ta yi bismillah ta yayyafa, na bi da tafin hannu ina rufewa. Ban taɓa ganin Inna tana waƙa ba tun rasuwar Baba sai ranar.

Wani tsoho masunci yana zaune kan kifaffen kwalekwale da lofen tabarsa a baki. Ya taso yana nuna teku, yana jawo hannu zuwa ƙirjinsa. Inna ta ɗauka wurin yake so. Ta ce masa da Hausa, "Baba, ga fili can ba iyaka, kama naka."

Bayan azahar muka dawo da butoci biyu za mu yi ban ruwa. Tun daga nesa na ji ƙarar. Teku ta dawo, tana tahowa layi bayan layi, muna tsaye kan katanga ta lashe fangalin ta wuce. Inna ta ajiye butar a hankali. Ba ta yi kuka ba, ta dafe gefen zanenta inda sauran irin yake, ta ce, "Ruwan ƙasar ga ba shi da alkawari."

Washegari tsohon ya zo ƙofar gida ya yafito mu. Bayan gidansa akwai ɗan fili da katanga ta kare shi daga iska, ya ja layi da ƙafarsa ya ba Inna gefe guda. Nan ta zuba rabin ƙarshe. Ya tsiro, na yi ta tsalle ina korar tsuntsaye. Amma yinin ƙasar can dogo ne ƙwarai, ba irin wanda albasarmu ta sani ba, sai ta yi saurin ɗaure kai ta tsaya ƙanana kamar ƙwan kurciya. Tsohon ya ɗaga guda yana dariya, ya nufi baki da ita, Inna ta fizge. Ta shanya su, ta ɗinka musu jaka, ba wanda ya ci ko ɗaya.

Da uwar Jatau ta warke aka mayar da mu. Rabin kawunan sun ruɓe a jirgi. Sauran Inna ta dasa su a gonar ƙanenta a Aliero, suka yi fure fari, suka ba da iri.

Jatau ya girma a can, ban sake ganinsa ba. Tsohon masunci, Allah kaɗai ya san makwancinsa. Inna ta rasu a Aliero da tsufa, ni aure ya kawo ni Maiyama. Yanzu ana sayo iri a gwangwani, ba mai tambayar na wa ne. Amma jar albasar da ke gonar kawunku ta Baba ce. Rabinta ya dawo gida, rabi yana can wurin teku.