Haƙorina da Matar Gindin Tsamiya

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina malamin daji a Birnin Gwari, aljihuna ba ya rabo da ɗan littafin hikayar masoya, zuciyata kuwa tana can Damari wurin wata budurwa, Hajara.

Ni ba kyau gare ni ba, ba dukiya ba. Abin da Hajara ta gani a wurina dariya ce. Da bakinta ta ce, "Malam, ran da ka daina dariyar nan, ka huta da zuwa gidanmu." Wasa take yi, amma sai ga turmin haƙorina ya ruɓe, kunci ya kumbura, wanzami ya gwada ya kasa, na koma zuwa zance fuska a murtuke kamar mai zaman makoki, har wani tela mai barkwanci ya fara shimfiɗa tabarmarsa inda nake shimfiɗa tawa.

Ana haka wani likita Bature ya zo rangadi, da tukunyar ƙarfe doguwa mai abin da mutane suka sa wa suna hayaƙin dariya: a kifa maka roba a hanci, ka shaƙa, a cire haƙori kana nishaɗi. Cikin bariki ya yi masa zafi, sai ya sa malamin asibitinsa, Malam Tanko, ya kafa kujera a inuwar wata tsohuwar tsamiya a bakin daji. Da na je a cire mini haƙorin, tsoho mai gadin barikin ya riƙo hannun rigata.

"Ɗana, gindin nan da masu shi. Mu ko wucewa za mu yi da rana tsaka sai mun yi sallama, balle a zauna ana ƙyaƙyatawa."

Na ce, "Baba, ko a bakin ramin kura aka kafa kujerar nan, yau sai na zauna."

Na zauna, zafin ciwo ya mantar da ni sallamar. Aka kifa mini roba, na ja numfashi, jikina ya yi sakayau, fuskar Hajara ta faɗo mini, dariya ta ɓarke. To, wallahi sai na ji an amsa mini daga sama. Na ɗaga ido, ga wata mace zaune a kan reshe, doguwa, gashinta har ƙugu, tana wasa da ƙafa, kyanta ya wuce duk wanda na taɓa karantawa a littafi.

Ta ce, "Ka shigo mini gida ba sallama, kana dariya. Amma tana da daɗi. Bar mini ita."

Ban ji tsoro ba, watakila aikin hayaƙin ne. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki gafarce ni. Dariyar nan tana da mai ita, in na bar miki na rasa Hajara."

Ta ce, "Ba a fita gidana ba a bar komai ba. Me za ka bari?"

Na nuna mata kuncina. Ta miƙo hannu daga can saman, ba tare da ta sauko ba, na ji yatsu masu sanyi a bakina.

Na farfaɗo, likita na tsaye a kaina da awartakinsa a hannu, tsaf, ko ɗigon jini babu. Ya leƙa bakina, ya sake leƙawa, ya yi wa Malam Tanko Turanci da sauri. Malam Tanko ya ce mini, "Yana tambaya ina haƙorin, don shi bai taɓa ka ba tukuna." Aka duba ƙasa, aka kakkaɓe rigata, likita ya ce haɗiye shi na yi. Da muka keɓe Malam Tanko ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ni dai dariyar mutum biyu na ji, kuma ɗayar ba ta namiji ba ce."

Ran Juma'a na hau kekena zuwa Damari, kunci ya saɓe, tun daga ƙofar gida nake dariya, tela ya naɗe tabarmarsa. Hajara ta harare ni ta ce, "Wace ce doguwar nan mai tallar tsamiya da ta ce in riƙe ka da kyau? Har da haƙorin mutum ta rataya a wuya, ƙazama."

Na tambaye ta yaushe ta zo. Ta ce ranar da aka kifa mini roba ce, da rana tsaka.

Na auri Hajara, mun ga jikoki, dariyata na nan. Amma har yau in na sa harshe a gurbin nan, tsamin tsamiya nake ji. Ni ban ce ku guji likita ba, ku je a cire muku, hayaƙin nan rahama ne. Sai dai duk inuwar da za ku zauna, ku yi sallama tukuna.