Na Ce A Sayar da Saniyar

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni wuri a wannan shafi, ko da yake bokona bai wuce firamare ba. Ni mutumin wani ƙauye ne a fadamar Hadejia, ta wajen Kirikasamma. Asalinmu Fulani ne, amma tun zamanin kakana muka ajiye sanda muka kama noman shinkafa, sai 'yan shanu da suka rage a bayan gida. A lokacin da wannan abu ya fara ni saurayi ne mai ƙarfi, mai yawan surutu, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Mahaifinmu ya rasu ya bar Inna da mu uku, ni da ƙanena da ƙanwarmu. Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya san Fulani ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, in na gaishe ta gefe take kallo. In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata ta kai wa mutanen zaure, alhali ni kaɗai ne a zauren. Na san kunya ce, kowa a garin ya san kunya ce, amma tun ina yaro abin yana ci mini rai ban gaya wa kowa ba.

Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa na haɗu da wani mutumin Kaugama a kasuwar kifi ta Hadejia. Ya girme ni, ya zaga ƙasashe, bakinsa kuma da daɗi. Shi ya ce mini masu cewa tafiya sai da guzuri matsorata ne, jaka ɗaya ta isa, da buta, da bargo, da almakashin yankan farce, domin babu ƙasar da farcen mutanenta ba ya tsiro. Na yi dariya, maganar kuma ta zauna mini. Da na yanke shawara ban iya tunkarar Inna ba, sai na bi ta wajen goggonmu, yayar mahaifina, mace mai faɗa. Goggo ta zage ni tas, ta ce ko ƙafar kare na ci, wa zan bar wa gona. Inna kuwa ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ranar da zan tashi ta kira ƙanena a gabana, ta nuna masa wata jar karsana mai farin goshi daga cikin shanunta, ta ce wannan ta mai tafiya ce, a riƙe masa har ya dawo ya yi aure. Na ce rani ɗaya zan yi. Wallahi a lokacin abin da ke raina ke nan.

Muka bi ta Nguru da Gashuwa muka tsallaka Diffa, daga nan Chadi. A saman lodi muke tafiya, kan buhunan albasa ko barkono, rana ta dake mu, ruwa ya dake mu. In mun sauka gari sai mu tambayi gidan sarkin Hausawa, a ba mu gefen zaure na 'yan kwanaki, in babu sai tasha ko barandar masallaci. Garin rogo da sukari shi ne abincinmu in abu ya yi tsanani. Takardu ba mu da su, saboda haka in an kusa kan iyaka mukan sauka mu bi makiyaya ta daji, mu ɓullo bayan shingen jandarmomi. Na yi yankan farce a Njamena, na yi dako a Abeshe, na tsinki auduga a Sudan. Abokin nawa ya yi aure a can ya zauna, ni na ɗauki jakata na gangaro Bangi, na shiga Kamaru, na kai har bakin teku a Duwala. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai daɗi a ciki. Ranar da na fara ganin kogin Nilu na tsaya ina kwatanta shi da namu ina dariya ni kaɗai. Ba arziki nake nema ba, in na samu abin mota sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A teburin mai shayi ni ne mai labari, ana kewaye ni ana saurare, wannan ya ishe ni.

Gida kuwa ban manta da shi ba, sai dai na samo wa kaina hujja. Duk inda na ci karo da 'yan kasuwar kifi ko na albasa daga wajenmu sai in ba su saƙon gaisuwa. In muka sake haɗuwa sai in tambaye su abin da Inna ta ce. Amsar ɗaya ce kullum, wai ta ce madalla, ta ci gaba da aikinta. Ƙanena yana aiko da magana mai tsawo, goggo tana aiko da zagi, ita kuwa madalla kawai. Sai na riƙa ce wa kaina ai ba ta rasa komai ba, tana da masu kula da ita, zamana da rashina duk ɗaya ne a wurinta. Da wannan tunani na ci rani ya bi rani har na wuce shekara goma.

Ina Bangi karo na biyu aka fara yayin wayar hannu. Wani ɗan kasuwa ya ba ni lambar ƙanena, na je wurin masu kira a ƙarƙashin lema da la'asar na buga. Da ya gane muryata sai ya yi salati, sannan ya koma tsokana, yana ce mini Alhajin tasha, yana tambaya ko a wace ƙasa aka naɗa ni sarkin yawo. Muka sha dariya. Ya ce in tsaya ya kai wa Inna, ya buɗe muryar wayar yadda kowa a tsakar gida zai ji. Ina jin kaji, ina jin ana tankaɗe, sai tankaɗen ya tsaya. Na gaishe ta sau biyu ba ta amsa ba. Can sai na ji muryarta, ta ƙanƙance ba kamar yadda na san ta ba, kuma ba da ni take magana ba, da ƙanena take. Ta ce a gaya wa mai saniyar nan cewa saniyarsa ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba ta iya tsallake ruwa kuma, ba ta jin za ta ga wata damina. Ta ce in yana da buƙatarta ya zo ya gan ta.

Abin da ya taso mini a lokacin haushi ne. Na ce a raina shekara da shekaru ba ta ji muryata ba, amma abin da ya dame ta dabba ce. Sai na mayar da shi wasa don kada a gane. Na ce wa ƙanena ai wannan mai sauƙi ne, ranar kasuwar Hadejia a kai ta a sayar wa mahauta tun ba ta faɗi mushe an yi asara ba. Na ƙara da cewa ba zan taso tun daga wata ƙasa saboda tsohuwar saniya ba. Ƙanena ya kira ni Yaya, ya tambaye ni ko na ji abin da aka ce kuwa. Na ce na ji sarai. Sai na ji Inna ta ce to, tankaɗen ya ci gaba. Mai wayar yana nuna mini agogo, na yi sallama na ajiye. Na tafi wajen mai shayi har ina ba da labarin ana dariya.

Ban sake kira ba. Da farko fushi ne, daga baya kuma na hau hanyar arewa, ta Agadas zuwa Libiya. A can aka kama mu aka tsare, aka ƙwace jakata da duk abin da ke ciki, har da lambar. Da na fito sai na shiga aikin gini, na shiga gadi, ina cewa sai na samu abin da zan shiga gida da shi ba a yi mini dariya ba. Ban samu ba. Gwiwa ta lalace, tari ya kama ni, furfura ta cika mini gemu. Da jiki ya ƙi sai na biyo motar masu dawowa ta Damagaram da Maigatari, ba ni da komai sai buta da rigar jikina.

Na iso ban tarar da ƙauyenmu ba. Ruwa ya ci shi, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kachala ta rufe wurin, mutane sun koma kan tudu sun yi sabon gari. Da tambaya na gano gidan ƙanena. Ya fito, shi ma ya zama dattijo, muka rungumi juna. Tun kafin mu zauna ya gaya mini Inna ta rasu, a shekarar da na yi kiran nan, damina ba ta ƙare ba. Na yi kuka irin wanda ake yi, aka ba ni haƙuri. Bayan an ci abinci muna zaune a zaure mun rasa abin cewa, sai na tambaye shi, don dai a samu magana, ko an sayar da saniyar nan kuwa. Ya ce Yaya, jar karsanar nan ai ciwon hanta ya kashe ta tun shekara ta biyu da tafiyarka, ko haihuwa ba ta yi ba. Ya ce ranar da na kira babu wata saniya tawa a gidan, kuma duk wanda ke tsakar gida, har yara, ya gane wadda ake nufi, ni kaɗai ne ban gane ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce tana zaune a gabansa, da wane baki zai fassara maganarta tana ji. Ya ce ya yi ta jiran in sake kira ya fita waje ya yi mini bayani, har Kirikasamma yake kai wayar caji don kada ta mutu.

Abin da ya fi wannan nauyi ƙanwata ce ta gaya mini. Ta ce da ciwo ya yi tsanani Inna ta tara su, ta kira sunan ƙanena ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta kira nata ta ce haka, ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ta gama ba ta ambace ni ba. Ƙanwata ta ce Inna, saura na tafiya. Sai ta juya fuskarta bango, ba ta ce komai ba, ba ta kuma sake wata doguwar magana ba har ta cika. Ƙanwata ta rantse mini cewa kunya ce, ta ce matar da ba ta kira sunana da lafiyarta ba ba za ta fara a gaban surukai da jikoki ba, kuma ta ga hawaye a idon Inna. Na je wurin goggo, ta tsufa ƙwarai amma bakinta yana nan. Ta ce kada in yaudari kaina, in yafiya ce ai ba sai da suna ba, matar da ta iya kiran kanta saniya don a gane ta ba za ta rasa yadda za ta ce ta yafe ba. Ta ce ka aika ta mahauta, me kake so ta ce.

Na roƙi ƙanena ya kai ni kabarinta. Muka shiga kwalekwale, yana tura gora muna kutsawa cikin kachala har muka kai inda tsohuwar maƙabarta take. Ruwa ne kawai da ciyawa ta fi tsayin mutum. Ya zagaya da hannu ya ce tsakanin nan ne da can, ba zai iya cewa ga wurin ba. Na yi addu'a ina fuskantar ruwa. Na je wurin malamai, sun ce in yawaita istigfari, in yi mata sadaka da addu'a, rahamar Allah tana da faɗi. Ina yi, ban fasa ba. Amma babu wanda ya iya gaya mini abin da shirun nan yake nufi.

Yau ina kwana a zauren ƙanena, ba mata, ba ɗa, ba gona. Ranar kasuwa ina zuwa Hadejia in yi yankan farce. Samari sukan zo su ce Baba gaya mana hanya, ta ina ake bi, yaya ake tsallake iyaka ba takarda. Da ina faɗa da alfahari, yanzu bakina ba ya buɗuwa. Na ga ƙasashe, na iya gaisuwa da harsuna da yawa, amma maganar uwata da Hausar da na tashi da ita ban gane ba, domin na riga na yanke mata hukunci tun kafin ta buɗe baki.

Ga wanda jaka take bayansa yanzu, ko yake shirin ɗauka, ba zan ce kada ka tafi ba, na san ba za ka ji ba. Amma iyayenmu ba sa cewa ina kewarka, ba sa cewa na kusa mutuwa. Za su ce maka katanga ta tsage, ko bishiyar ƙofar gida ta bushe. In ka ji irin wannan kada ka amsa da wasa, kada ka amsa da fushi, nemi mota. Kada ka jira sai ka tara abin shiga gida, ba kayanka ake jira ba. Nemi gafararsu suna da bakin da za su amsa maka. Ƙanwata tana cewa an yafe mini, goggo har ta rasu tana cewa ba a yafe ba. Su biyun suna cikin ɗakin a ranar, ni ne ba na nan, kuma wadda ta sani sai na je can zan ji daga bakinta. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a, ni ma in da hali.