Malam Tukur, Wanda Ya Hana A Rufe Ajin Garin Auta

Shekara ashirin da shida ke nan, da an idar da sallar asuba a Garin Auta, can cikin fadama tsakanin Auyo da Haɗeja, Malam Tukur Abdulwahid kan ɗauki tsintsiya ya nufi makarantar elementare. Shi yake share ajin da hannunsa, ya goge allo, sannan ya bugi guntun ƙarfen dogo da ke rataye a jikin tsamiya. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shanye hanya, sai ya naɗe wando ya tsaya a mashigi yana karɓar yaran ƙetare daga kwalekwale ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. A ƙarshen watan nan na shekarar 1959 zai ajiye alli. Kafin ya koma gonarsa ta shinkafa, ya kamata mutane su ji abin da ya yi.

Ba wai aikin ya taɓa zuwa masa da sauƙi ba. Tun farko akwai iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo rubuta sunaye. Da haƙuri da yawan zuwa gaisuwa ya shawo kansu, har yara suka kai arba'in da uku. Amma babbar jarrabawarsa shekara uku da suka wuce ta zo, lokacin da siyasa ta shigo garin ta raba shi biyu.

Akwai wani mai faɗa a ji, Gwadabe, jagoran ɗaya daga cikin jam'iyyun a wannan yanki. Wata rana ya shigo aji ana tsakiyar darasi, ya ce ran Asabar manya za su zo taro, yana son yara su fito a jere su yi wa jam'iyya waƙa. Ya kuma miƙa takarda mai sunayen yara bakwai, 'ya'yan mutanen ɗaya ɓangaren, ya ce a cire su daga rajista.

Malam Tukur ya fito da shi waje, don kada yara su ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, makarantar nan ta hukumar En'e ce, ta kowa ce a garin nan. Yaran nan karatu aka kawo su. Ba zan kai su taro ba, ba kuma zan kori ɗan kowa ba."

Gwadabe ya ce, "Malam, ka san inda maganata take kaiwa?"

"Na sani. Amma rajistar tana hannuna tukuna."

Ba a yi mako biyu ba sai magana ta bazu a kasuwa da mashigi cewa malamin boko yana gaya wa yara ba Allah ne ke saukar da ruwa ba. Asalin zancen darasi ne da ya yi kan kogin Haɗeja, inda ya zana musu yadda ruwan da aka yi can wajen Kano yake gangarowa ya cika fadama bayan kwanaki. Wani mai wa'azi da ya sauka garin ya ɗauki maganar yadda aka ba shi, ya ce duk wanda ya bar ɗansa a wannan aji ya yi wasa da imaninsa. Iyaye suka tsorata, kuma ba a ga laifinsu ba, don abin da suka fi ƙauna aka taɓa. Cikin kwana goma yara suka koma tara. Ga shi saura wata guda mai duba makarantu ya zo daga Haɗeja, kuma kowa ya san makarantar da aka tarar babu yara rufe ta ake yi.

Matarsa Hajo ta ce a kwanakin nan ko tuwo ba ya iya gamawa, amma bai fasa buga ƙarfe ba ko rana ɗaya. Bai kai ƙara ba, bai kuma tsaya a kasuwa yana musu ba. Sai ya tafi zauren limamin gari, Malam Sa'idu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta malam, an ce ina ɓata yara. Ina roƙo ka zo ajin duk ranar da ka ga dama, ba sai ka sanar da ni ba. In ka ji abin da ya saɓa wa addini, ni da kaina zan rufe ƙofar in kawo maka mabuɗin."

Liman ya zo ran Talata, ya shimfiɗa buzunsa a bayan aji. Ya dawo Laraba, ya dawo Alhamis. Ya ji lissafi, ya ji karatu, ya ji darasin tsabtar ruwan sha. A rana ta uku ya kira wata yarinya, Ma'u, 'yar wata mai bandar kifi da ake kira 'Yar'azumi, wadda ta ƙi cire 'yarta duk da surutun maƙwabta. Ya ce, "'Yata, wa ke saukar da ruwan sama?"

Ta ce, "Allah ne, Baba."

"To me malaminku ya koya muku?"

"Hanyar da ruwan yake bi kafin ya iso gonarmu."

Liman ya naɗe buzunsa ya fita. Washegari bayan sallar Juma'a ya tsayar da jama'a, ya ce kwana uku ya zauna a ajin, bai ji kalma ɗaya da zai hana jikokinsa ji ba, kuma ran Litinin zai kai biyu daga cikinsu da hannunsa.

Waɗanda suka tsaya a mashigi ran Litinin ɗin sun ce kwalekwale uku suka ƙetaro cike da yara. Malam Tukur yana cikin ruwa har gwiwa yana karɓarsu, yana kiran sunayensu. Da mai duba makarantu ya iso, yara talatin da takwas ya ƙirga, har da bakwai ɗin da aka so a kora. Garin ya yi ajiyar zuciya. An daɗe ana raɗe-raɗin za a yi wa malam canjin wurin aiki, amma takardar ba ta taɓa zuwa ba. Gwadabe bai ba da haƙuri ba har yau, malam kuma bai nema ba. Ɗan Gwadaben ma a ajin ya gama karatunsa, ba a taɓa harararsa ba.

Malam Tukur, kai ne ka tsaya a ƙofar aji lokacin da tsayuwa ke da tsada. Kai ne ba ka zagi mai wa'azi ba, ba ka raina tsoron iyaye ba, sai ka buɗe ƙofa ka ce a zo a gani. Gwani na Hajo, mai haƙurin masunci. Yau malamin asibitin da ke Guri ɗalibinka ne, Ma'u kuma tana makarantar horon malamai mata, tana cewa Garin Auta za ta dawo ta koyar.

Ana ta maganar mulkin kai baɗi, kuma masu son jan makaranta zuwa ɓangarensu ba za su ƙare ba. Malaman da ke tasowa, ku riƙe rajista yadda ya riƙe ta. Iyaye da malaman addini, in an kawo muku zance a kan aji, ku taka ku je ku ji da kunnenku kamar yadda Liman Sa'idu ya yi.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin shinkafar gonarka. Je ka huta, ajin a buɗe ka bar shi.