Igiyar Ƙugu

Mahmuda Na'iya mahaƙin rijiya ne, mutumin Tambuwal, gajere mai faɗan tsiya. Shekarar da aka samu 'yancin kai, shi da ƙanensa Hammadu suka shiga aikin wani ɗan kwangila mai haƙa rijiyoyin kankare tsakanin Dogon Daji da Kebbe.

Mahaƙan lokacin suna da wata al'ada da suke taƙama da ita. In na cikin rami ya yi shiru, aka kira bai amsa ba, ɗan'uwansa na jini ne zai bi shi nan take. Ta haka wata rijiya ta ci mutum uku a hantsi ɗaya. Mutane suka ce aljanu ne, sai wani jami'in ƙungiyar leburori daga Sakkwato ya bayyana musu cewa iskar da ake shaƙa ce ke gurɓata a can ƙasa.

Mahmuda ya shiga ƙungiyar, ya riƙe ta kamar gadon gidansu. Abu biyu ya nema: fitilar da za a zura don gwada iska kafin mutum ya sauka, da igiyar da zai ɗaura a ƙugu don a jawo shi in ya suma. Ɗan kwangila ya ba da fitila, ya ce igiya za a duba. Suka karɓa, suka koma aiki.

A rani na uku suna haƙa wata rijiya mai zurfin gaba ashirin kusa da Kebbe. Da safe fitila ta ci lafiya, Hammadu ya sauka. Kafin azahar aka daina jin diga. Mahmuda ya kira sau uku, shiru. Ya zura fitila, tun ba ta kai ƙasa ba ta mutu.

Kowa ya zuba masa ido, bai motsa ba. Abokin aikinsu Lauwali ya tuɓe riga zai sauka, Mahmuda ya kayar da shi ya danne.

"Ƙanena na!" in ji shi, yana kuka. "Wanda duk yas sauka, gawa biyu za mu fiddawa."

Suka yi ta kora iska da tabarmi har fitila ta yarda ta ci a ƙasa. Da la'asar aka fito da gawar Hammadu.

Uwarsu Tambaya ta yi wa Mahmuda tambaya ɗaya: "Kana tsaye bakin rijiyar?" Ya ce yana tsaye. Har ta rasu ba ta ƙara karɓar ruwa daga hannunsa ba. Gari ya sa masa suna matsoraci, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna waɗanda suka fi ɗaga murya ba su taɓa leƙa rami ba.

Bayan sadakar bakwai Mahmuda ya sa mahaƙa suka ajiye aiki. Kwana tara, igiya ta zo. Tun daga nan, duk bayan girbi kafin a sa diga a ƙasa, sai ya tara su ya kira sunayen waɗanda rijiya ta ci, a yi musu addu'a. Na Hammadu yake kira a ƙarshe.

Na same shi ya tsufa, na tambaye shi ko yana nadamar ƙin sauka. Ya harare ni.

"Ko yau ba ni sauka. Ga Lauwali can da jikoki." Ya daɗe yana murza yatsunsa. "Kwana tara kawai munka yi anka kawo igiya. Ni kuwa shekara uku ina ganin yana sauka babu ita."