Kawu, Da Ranar Da Famfon Tsakar Gida Ya Karye

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma. Na san haka, amma sanin bai rage mini komai ba. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, ina wurin aiki aka bugo mini cewa Allah ya karɓi abinsa. Kawu, ƙanen mahaifiyata kuma autansu, kai ne ka riga mu. Ko jinya ba ka yi ba. Ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Abokan tuƙinka za su faɗi yadda ba ka taɓa wuce motar da ta mace a hanya ba, duk shekarun da ka yi kana jan babbar mota. 'Ya'yanka za su faɗi nasu. Ni kuwa, 'yar yayarka da kake kira Sarkin Gaggawa, ranar famfo zan faɗa.

Mama ta daɗe a kwance. Ƙugunta ya karye, ba ta ɗaguwa, huhunta kuma ya yi rauni, sai da na'urar iska mai aiki da lantarki take numfashi. Ɗakinta ya fi tsakar gida gangara, soket ɗin na'urar kuma bai fi taki ɗaya daga ƙasa ba. A ranar tukunyar iskar da muke ajiyewa don ko-ta-kwana ta ƙare, mai cikawa ya zo ɗauka. Garin juya amalankensa ya bugi famfon da ke ƙarƙashin tagar Mama, bututun jan ƙarfen ya tsage daga wuya, ruwa ya ɓalle.

Na ruga wurin makullin ruwan gidan. Ashe mai fenti ya shafe shi tun bara, ya ƙame. Ya juya rabi ya tsaya cak. Na toshe ƙofar Mama da barguna, ruwa ya ratsa su. Idan ya kai soket, na'urar ta mutu, kuma babu tukunya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ana haka ka shigo da sandarka, ka zo gaishe da yayarka. Tun da ɓarin jikinka na dama ya shanye hannun bai ƙara damƙar komai ba. Mai amalanke ya ce zai nemo mai walda a liƙe da dalma.

Ka ce, "Wuta a ƙarƙashin tagar mai shaƙar iska? Ko babu wannan, dalma ba ta kama jiƙaƙƙen bututu. Maza shagon bakin titi, ka ce famfo mai noti da zobe."

Ni kuma ka aike ni sito in ɗauko tsohuwar jakar kayan aikinka da ka bari a gidanmu. Na ce ban taɓa riƙe zarto ba. Ka ce yau zan riƙe.

Na durƙusa cikin ruwa na yanke bututun a bayan tsagewar, ruwa na dukan fuskata, kana tsaye a kaina kana cewa in miƙe yankan kada ya karkace. Ka sa na goge bakin da magagari har ya daina kama yatsa. Da famfon ya iso ka ce noti ne farko, sannan ƙaramin zoben tagulla, sannan famfon. Ta taga ina jin gurnanin na'urar da tarin Mama.

Na murɗe kan famfon na rufe shi gam, tunda tsayar da ruwa nake so, na tura shi bakin bututu. Ƙarfin ruwan ya fizge shi daga hannuna ya fasa mini leɓe. Na sake, ya sake. Nan na fashe da kuka, na ce ba zan iya ba, mu je mu ɗaga Mama ko ƙugun zai sake karyewa.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Sarkin Gaggawa, ba a kokawa da ruwa. Buɗe famfon, ki ba shi hanya ya wuce, ke kuma ki yi aikinki."

Na buɗe. Famfon ya shige bututun salin-alin, ruwa na kwarara ta bakinsa. Ka jingine sandarka, ka durƙusa da kyar, ka riƙe jikin famfon da sifana a hannunka na hagu, ni ina ɗaure notin da ta biyu. Da na so in ƙara ƙarfi ka hana, ka ce zoben zai lotse. Sannan ka ce in rufe a hankali. Na rufe. Muka zuba wa notin ido, ko ɗigo.

Da na shiga ɗakin, tsakanin ruwa da soket bai fi yatsa biyu ba. Na'urar na ta gurnaninta. Ka leƙo jiƙe sharkaf ka ce, "Yaya, yau an yi miki wankin ɗaki." Sai daga baya na lura sai da mai amalanke ya kama ka sannan ka iya miƙewa.

Kullum Mama muke wa fargaba, Kawu, ba kai ba. Ashe cuta ba mutuwa ba ce.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da abokan tuƙinka, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Mafi nauyin ta'aziyyar ta Mama ce. An faɗa mata, ta yi salati, ta juya fuska bango. Sai dai ka saba wanke hannu a tsakar gida kafin ka shiga wurinta. Jiya na buɗe famfon zan ɗebi ruwa, sai na ji muryarta ta taga: "Auta, ka iso?" Bokitin ya cika har yana zuba kafin na rufe famfon.

Ya Allah, ka ba ta haƙurin da ni na kasa ba ta.