Katunan Sabi'u da Na Goge

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, wanda mutanen Gwarzo suka fi sani da Sabi'u Mai Bidiyo. Mota ce ta kife da su a hanyar Kano, yana dawowa daga gyaran kyamara. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa, domin in na tashi yabonsa dole in tona wa kaina asiri. Bana na gaji da ɓoyo.

Ɗaukar biki da saukar karatu ce sana'arsa. Wata rana ya zo gidanmu na Kabo ya nuna mini wani fim a wayarsa, ba na wasa ba, na yaƙin da ya ci Armeniyawa a wasu duwatsu da ban taɓa jin sunansu ba. Na ga dattijo yana cinna wa gidansa wuta da hannunsa kafin ya gudu, na ga wasu suna tono gawarwakin iyayensu don su tafi da su. Na yi masa tsiya, na ce ina ruwan Bakano da rigimar wata uwa duniya, ko surukanmu ne? Bai yi dariya ba. Ya ce su waɗannan an manta da su, amma sun samu mai riƙe musu kyamara. Mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan yamma fa, da ke kwana a kangwayen bayan gidansa, wa ya taɓa tambayarsu ko da sunan garinsu?

Daga nan ya dukufa. Wata bakwai yana bin su. Manomi zai zauna kan tabarma ya faɗi sunansa da na garinsu da abin da ya baro. Mata ma sun yi magana, wasu a lulluɓe, wasu suka ce a ɗauki fuskar, ba abin da ya rage musu na ɓoyewa. Katin memori shida ya cika, bai kai ga haɗa fim ɗin ba.

Kwana uku da rasuwar, mahaifinmu Malam ya kira ni ɗakin karatunsa. Dama bai taɓa son sana'ar ba. An gaya masa akwai hotunan matan mutane a kayan mamacin, kuma yana tsoron duk wanda ya kalla alhakin ya riƙa bin ɗansa har kabari. Ya ce, “In kana ƙaunar ɗan'uwanka, ka sauke masa wannan kaya.” Yana faɗa yana hawaye, abin da ban taɓa gani ba.

Na san ba hotunan rawa ba ne. Da na zauna na nuna wa Malam ko guda ɗaya, na tabbata da ya janye maganar, don ba mutum ne mai taurin kai a kan gaskiya ba. Amma ban iya buɗe baki a gabansa ba. Na sa katunan a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, na leƙa wasu a gurguje, na goge su tas, har ina ganin aikin lada na yi. Da-na-sani ƙeya ce, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Bayan rasuwarsa na ji a rediyo cewa sauran Armeniyawan yankin ma sun fice kaf. Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce. Ina jin cewa zai yi ko ba komai jikokinsu za su ga ƙofar gidan kakanninsu. Namu kuwa sun watsu, wasu sun koma, wasu ba labari. Yanzu kowa na da waya, amma gawa ake ɗauka a tura wa juna, ba mai zama ya saurari mai rai. Wannan zai ƙona masa rai matuƙa.

A damunar bana wata mata mai suna Asabe ta yi sallama gidanmu, bayan ta sha tambaya. Mijinta na cikin waɗanda Sabi'u ya ɗauka. Daga baya ya koma noma gonarsa, aka kashe shi a can. Ba su da hotonsa ko ɗaya, ga 'yarsu ta fara tambayar yadda babanta yake. Na faɗa mata gaskiya. Sai ta yi wa mai kyamara addu'a, ta ce shi kaɗai ya taɓa zama ya ji ta bakinsu.

In aka auna, abin da ya rage na Sabi'u ke nan: bidiyon biki a gidajen mutane, da addu'ar irin su Asabe. Aikin da ya fi so kuwa a idona kaɗai ya saura, kuma ta gane haka. Ta gyara mayafi ta ce, “To kai da ka gani, me maigidana ya ce a ciki?”

Na roƙe ta ta kwatanta mini shi. Ta ce dogo ne, mai wushirya, da tabo a goshi. Na yi iya ƙoƙarina, wallahi, ban tuna shi ba.